Ƙulli a Tafin Ƙafata, Ina Cikin Takaba

Salama gare ku, 'yan uwa. Tun rasuwar maigidana, Malam Sani, ban sake rubuta komai a nan ba. Masu aiko da gaisuwa ban amsa ba, ku yafe mini.

Ba rashin kaɗai ya sa ni shiru ba. Har da ƙafata.

A Kucheri muke noma. In damina ta faɗi, Malam yana gaba yana sara da sungumi, ni ina baya ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. Haka muka yi shekara da shekaru.

Ina cikin takaba na ji wani abu a tsakiyar tafin ƙafar dama, kamar na taka ƙwayar gyaɗa. Na ɗauka kanta ce. Sai ya yi ta girma, wani ya fito kusa da shi. In na tashi da safe, sai na dafa bango.

Yayata Hajiya Balki ta zo daga Damba ta kai ni asibiti a Gusau, muka dawo a ranar. An yi hoto, an ɗibi jini. Likita ta ce ba daji ba ne, jijiyar tafin ce take yin ƙulli. Na yi hamdala.

Sai ta ce gashi za a yi da na'ura, a Sakkwato.

Ciwon daji ne ajalin Malam, kuma gashin nan aka ce za a yi masa. Mun yi ta jinkiri, muna jiƙe-jiƙe. Da muka isa, aka ce mun makara.

Na roƙi likitar a bari in fita takaba, don tafiyar sai da kwana. Ta ce, "Hajiya, yanzu da yake sabo yana girma, yanzu ne gashi ya fi kama shi. In ya tsufa ya ƙandare, sai dai a yanka, kuma yakan dawo."

Gida ya rabu biyu. Wasu suka ce mai takaba ba ta kwana waje, me mutane za su ce? Wani ƙanen Malam ya ce ai ƙafa ce kawai, ba mutuwa ba. Hajiya Balki ta je Tsafe ta tambayi malami, ya ce ciwo lalura ne, addini bai hana ba. Duk da haka na kasa. Gani nake kamar zan ci amanar maigidana.

Inna, mahaifiyar Malam, ita ta yanke magana. Ta ɗora ƙafata a cinyarta ta taɓa wurin. Ta ce, "Jira ya ci min ɗa. Tashi ki tafi, ɗiyata."

Tunkiyata na sayar muka tafi.

Ɗakin da na fi tsoro a duniya, ga ni a ciki. Ashe ba wuta ba ce, ba zafi. Suka zana ƙafar da alƙalami, na kwanta, na'ura ta yi ƙara kaɗan, shi ke nan. Kuka na yi dai, ba na ciwo ba. Mako guda ana yi, aka ba ni hutu, na koma aka ƙara. Fatar ta bushe ta yi ja, na yi ta shafa man da suka rubuta.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Zafin ya fara tafiya, sannan ƙullin ya yi laushi. Babban yana nan ɗan kaɗan, amma ba ya damuna.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya Balki da ma'aikatan da suka yi haƙuri da kukana. Inna, Allah ya saka.

Mata 'yan uwana, in kun ji ƙulli a tafin ƙafa, kada ku tsaga, kada ku jira. Ku je a duba, ku tambayi likita lokacin da ya dace. Ba kowane gashi ne na daji ba. Mai takaba ma tana da haƙƙin magani.

Ruwan shuka ya sauka makon jiya. Babban ɗana ya ɗauki sungumin babansa ya shiga gaba. Na cire takalmi na bi shi, ina zubawa ina rufewa, har ƙarshen gona.

Ku sa Malam a addu'a.