Inda Ƙafafun Umma Suke Kallo

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. Sai dai "ke", ko "waccan", in kuma da baƙi take magana ta ce "yayarsu". Ba ta haɗa ido da ni, ba ta yabona, in na shigo ɗaki sai ta sami abin dubawa a wani ɓangaren. Kunyar ɗan fari ke nan. Da ita ta zo daga Kano tana amarya, ta riƙe ta gam har tsufa.

Da a Kano na tashi watakila da ban damu ba, tunda kowace 'yar fari haka take gani. Amma a Makka aka haife ni, a wani lungu bayan titin Mansur, makarantarmu kuma cike da 'ya'yan Larabawa. Ana tashi za ka ga iyaye mata a bakin ƙofa, ana runguma, ana "ya habibti, ya galbi", ana sumbatar kumatu kamar an shekara ba a haɗu ba, alhali da safe aka rabu. Ni kuwa in na isa gida na yi sallama, Umma za ta amsa tana kallon tukunya, ta ce abinci na nan a rufe. Autarmu kuma tana kan cinya har ta yi tsawon da ƙafafunta ke jan ƙasa. Kakata ta sha gaya min al'ada ce, kara ce, ba ƙi ba ne. Na ji, amma bai shige ni ba. Har na yi aure na haihu ina ɗauke da tambaya ɗaya: matar nan tana sona kuwa, ko haƙuri kawai take yi da ni?

Aikin jinya nake yi, kuma lokacin Hajji akan tura mu Mina. Can za a kawo miki tsohuwa ba Larabci, ba Turanci, ba Hausa, ba kuma wanda ya san yarenta a kusa. Saboda haka wata shekara, kafin alhazai su fara sauka, asibitinmu ya shirya mana dawra, wato ɗan kwas, kan yadda ake gane halin mara lafiya daga jikinsa. Na tafi ina gunaguni, don a ganina wadda ta tsufa a kan allura ba ta buƙatar a koya mata kallon mutum.

Malamar wata likita ce 'yar Jidda mai saurin magana. Ta ce masu bincike sun daɗe suna lura da yadda mutane ke karanta juna, kuma inda aka fi yin kuskure shi ne dogaro da fuska kaɗai. Fuska, in ji ta, tun mutum yana yaro ake horar da ita. A wani gari a ce kalli babba in yana magana, a wani a ce sunkuyar da kai. Amma ba kasafai ake tunawa a horar da kafaɗa ko hannu ko ƙafa ba. Ta ja mana kunne kada mu yanke hukunci da alama ɗaya. A fara sanin yadda mutum yake in yana zaune lafiya, sannan a lura da abin da ya canza.

A Mina na ga amfaninsa. An kawo wani dattijo yana ta murmushi yana gyaɗa kai, wai shi lafiya lau, a sallame shi ya koma jifa. Sai na ga kafaɗarsa ta hagu a ɗage, hannunsa ya damƙe gefen harami, numfashin kuma gajere. Na kira likita. Zuciya ce, kuma Allah ya sa an tare ta da wuri. Daga ranar na daina gunaguni.

Bayan Hajji na koma ziyarar da nake kai wa Umma duk Juma'a. Muna zaune a falo bayan la'asar, ana shan shayi da na'ana'a, sai na tsinci kaina ina kallonta irin kallon da nake wa marasa lafiya. Na san zamanta na kullum: a ƙasa kan darduma, ƙafafu a miƙe wajen mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don sanyi ya buga su, carbi yana tafiya a hannu ko da ana hira. Ƙanena ya yi magana, carbi yana tafiya. Auta ta yi surutunta, carbi yana tafiya. Ni na buɗe baki, fuskarta ta koma taga kamar yadda ta saba, amma carbin ya tsaya cak, bai ci gaba ba sai da na yi shiru.

Sannan na dubi ƙafafun. Ba mukayyif suke kallo ba, ni suke kallo. Na ce watakila dace ne, na tashi na koma kusa da taga. Fuskar ta bar taga ta koma ƙofa, ƙafafun kuwa a hankali suka biyo ni. Na yi ta canza wuri har auta ta ce, "Yaya, ƙaya ce a kujerun?"

Na bi gargaɗin likita, ban yanke hukunci ranar ba. Na yi Juma'o'i ina lura, abin bai canza ba. Wata rana na yi tari, na ga hannunta ya nufi gorar ruwa, ya tsaya a hanya, ya dawo cinya. Sai ta juya kan auta da faɗa: "Ke, ba ki ji ana tari ba? Miƙa ruwa mana." Na sha ruwan nan ina jin daɗin da ban taɓa ji ba a gidan. Na kuma ɗan ji haushi, don shekara da shekaru a fuska nake neman abin.

Matsalata ita ce ba na iya ajiye magana a ciki. Juma'ar da ta biyo, na dubi auta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kin san an koya mana a dawra cewa ƙafar mutum wanda yake so take kallo?"

Ba haka likitar ta faɗa daidai ba, na ƙara gishiri. Auta ta ce, "Wallah? Min jidd? Da gaske?" Ta dubi ƙafafun Umma, ta bi su da ido har kaina, ta fashe da dariya.

Umma ta janye ƙafafunta ta lulluɓe su da zane. "Aikin banza. Mutane na kwance a mustashfa ba lafiya, su suna can suna karatun ƙafafu. Khalas, a ba ni wuri."

Dariyar auta ta mutu. Na san na tsallake iyaka. Na tona abin da Umma ta yi shekaru tana rufewa, kuma yanzu ƙafafun ma za ta horar da su, in rasa ɗan abin da na samu. Na sunkuyar da kai ina juya cokali a shayin da ya riga ya huce.

Can sai Umma ta yi gyaran murya. Ba ni ta kalla ba, auta ta kalla.

"Gaya wa yayarki, in ta gama karatun nata, ta zo ta tsefe min kai. Kitson nan ya tsufa."

Tunda nake ban taɓa taɓa kan Umma ba. Na ɗauko kibiya da mataji, na zauna a kujera a bayanta, inda ba sai mun haɗa ido ba. Ta zame ɗankwali. Furfura ta cinye kan fiye da yadda na zata, gashin kuma laushi kamar auduga. Na fara tsifa daga ƙeya, ita kuma ta ci gaba da ba auta labarin bikin maƙwabta kamar babu abin da ya faru. Ban kai rabi ba na ji bayanta ya taɓa gwiwoyina. Na ɗauka gyara zama take yi, na ɗan dakata ta matsa. Ba ta matsa ba, sai ma ta jingina sosai ta sakar min nauyinta duka. Na rage sauri, na riƙa warware kitson a hankali don kada ya ƙare da wuri.