Bidiyon sarƙa ya raba ni da baƙina

Jiya Asabar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na juye duwatsun ado a faranti, na zauna jira. Har aka kira la'asar ba wadda ta yi sallama.

Duk Asabar matan layinmu a Madabo kan zo in koya musu sabon salon sarƙa da abin hannu, mu sayar mu taimaka wa marayun unguwa. Tun da autata ta yi aure, hayaniyarsu kaɗai ke raya gidan nan.

Na kira maƙwabciyata Maman Sadiya a waya, na ce, "Lafiya na ji ku shiru yau?"

Ta ce, "Lafiya lau, Hajiya. Ai bidiyon da kika tura mana ya fito da komai tsaf, kowa ta yi nata a ɗaki. Kin ga mun hutar da ke."

Na ce, "Madalla, Allah ya yi albarka."

Hotunan sarƙoƙinsu suna ta shigo min, sun yi kyau kuwa. Amma wallahi ni ba hutu nake nema ba.

Jama'a, sati mai zuwa in sake turawa, ko in ce wayata ta lalace?