Mai Takalmin Roba a Layin Kwangila

A kan bencin ofishin hukumar gari Inna take zaune da ɗanta, suna jiran a faɗi wanda zai samu kwangilar kula da injinan hura iska a matatar ruwan kwata. Can ƙarshen bencin akwai wata mata, ita ma aikin take nema. Gajera ce, takalmin roba har gwiwa, farcenta baƙi ƙirin da man inji. Mutane suna ta matsawa saboda warin da take yi, ita kuwa ko a jikinta.

Wayarta ta yi ƙara. "Kara min ita a jikin injin," ta ce, ta lumshe ido tana saurare. "Kashe shi, ina nan tafe."

Inna ta kasa ɗauke ido. Ko wace ce uwar wannan, tana gida hankali kwance, ba sai ta rako 'yarta neman aiki ba.

Ɗanta ya gyara rigarsa mai sitati. "Inna, warin ya dame ki? Mu sake wuri."

"Zauna," ta ce. "Kai da kake neman aikin kwata, ko warinta babu a jikinka."