Randar Ƙofar Gidanmu

Da sassafe na yi wa Malam faɗa a kan randa. Mijina ke nan, Malam Sani, maɗinkin hula a Ƙofar Ruwa. Tun zamanin mahaifinsa akwai randa a ƙofar gidanmu, da moɗa ɗaure da igiya, duk mai wucewa ya sha. Kullum shi yake cika ta da hannunsa.

Da aka fara kai hare-hare a gari, sojoji suka kafa shinge a bakin lungunmu. Su ma suka riƙa sha. Maƙwabta suka fara yi mana kallon hadarin kaji. Har aike aka yi, wai ya ɗauke randar, ana cewa mu mutanen soja ne.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce, "Malam, ka shigo da ita. Wanda ya shayar da mai bindiga ai ya shiga yaƙin." Ya ce shi bai goyi bayan yaƙin kowa ba, kuma yana baƙin cikin yadda suke sa dattawa tsallen kwaɗo a kan titi. Amma yaron da ke tsaye cikin rana ɗan wani ne, ba zai ƙwace moɗa daga bakinsa ba. Na yi tsaki, na dangwarar masa da koko. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ƙarfe goma ta ɗan gota, ina tankaɗe. Na ji ya ɗauki bokiti ya fita. Na ji babur ya tsaya. Sai harbi, tau, tau, tau. Shiru. Sannan aka buɗe wuta daga shinge, ba ƙaƙƙautawa. Ƙasa tana zubo mini daga rufin ɗaki.

Na leƙa zaure. Malam yana kwance a bakin ƙofa, bokitin a kife. Kusa da shi wani matashin soja, moɗa a hannunsa. Dukansu ba sa motsi. Ban kai gare shi ba.

"Kowa ya fito! Hannu sama!"

Motoci suka cika titi. Ana dukan ƙofofi da gindin bindiga. Hayaƙi ya tashi daga shagon da ke kan kwanar lungu.

Na taka turmi na haura katangar baya, na faɗa gidan maƙwabta. Matar gidan, wadda muka shekara muna aron gishirin juna, ta ce, "Fita, kar ki ja mana." Na fita, ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya. Na bi ayarin mata da yara lungu-lungu. Kowa da wanda yake riƙe da hannunsa, ban da ni. Ana kiran azahar na kai Mandawari, an rufe hanya. Na raɓe a soron wasu da ban sani ba har la'asar. Kafin magariba na isa gidan yayata a Yakasai.

Ƙanin Malam ne ya karɓo gawar. Harsashin wane ɓangare ne, har yau ba wanda ya gaya mini. Muka shimfiɗa tabarmin zaman makoki, 'yan unguwa ba su zo ba, suna tsoron a gan su. Sojojin da suka yi watanni suna shan ruwansa kuwa, ba na jin sun san sunansa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Da na fita takaba na koma gidan. Randar tana nan, ko tsagewa ba ta yi ba, sai dai ta bushe ƙayau. Na kama bakinta zan shigar da ita, kamar yadda na nace masa. Ni kaɗai ba zan iya ɗaga ta ba, kuma duk lungun babu wanda zan kira.