Adekanmbi Mai Ƙyanƙyasar Tarwaɗa

Duk wanda ya ci tarwaɗa a Ijebu, da wuya ba ta hannun Adekanmbi ta biyo ba. Ƙyanƙyasar kifi ce sana'arsa. Ya matse ƙwan mace a roba, ya tsaga cikin namiji ya ciro jakar maniyyi, don namijin tarwaɗa ba ya bayarwa sai an yanka shi. Ya gauraya, ya shimfiɗa a raga, washegari ruwa ya cika da 'yan mitsi-mitsi masu wutsiya. Wani lokaci ya tsaga ƙaton namiji mai sheƙi, ya tarar jakar ruwa ce zalla. Sai ya jefa shi kwando.

A gidansa ne babu motsi. Matarsa Morenike har ta yi furfura ana ce mata Amarya, alhali tsararrakinta duk sun zama Uwar wane. Ta sha saiwa har haƙoranta suka rine. Ta hau dutsen addu'a ba takalmi. Yayarsa Abeke kuwa ba ta zuwa sai da guzurin baƙar magana.

"Amarya, wannan tumbin na amala ne, ko mu fara sayen zanen goyo?"

"Na amala ne, Yaya. Ku zauna in zubo muku."

Adekanmbi yana ji, sai ya sunkuya yana gyaran tiyo. Kuma ya sani sarai. Tun suna da ƙuruciya ya je Ibadan a ɓoye, likita ya leƙa madubinsa ya ce ruwansa babu iri ko ɗaya. Wai abin da ke haɗa irin ne bai taɓa farkawa a jikinsa ba, su likitocin ma ba su san me ke tashinsa ba. Ya dawo ya sayo wa Morenike leshi, ya ja bakinsa. Tsoronsa kada ta ji ta tafi ta haihu a wani gida. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, kirkin ne dai bai kai bakinsa ba.

Sai da jininta ya ɗauke, ta daina bin masu magani, sannan ya ga babu sauran haɗari. Da hantsi tana juya kifi a kan wayar gashi, ya faɗa mata.

"Maigida, yaushe ka sani?"

"An jima."

"Kafin a yi min tsaga a mara, ko bayan an yi?"

Ya kalli ƙasa.

"Ai da ka tambaye ni. Wataƙila da na zauna, wataƙila da na tafi. Ni kaina ban sani ba, kai ka hana ni sani."

Ta ƙarasa ƙyafe kifin, don ba ta barin aiki rabi. Ranar kasuwa ta hau mota zuwa gidan ƙaninta a Abeokuta. Ya tura dattawa biko, ta ba su abinci, ta rako su bakin titi.

Da ya rasu bara, ta zo. Cikin baƙi 'yan ta'aziyya ta zauna.