Usur Ɗin Da Na Kawo Wa Baba

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fayaman ne. Shi ke zuba wa kan jirgin ƙasa kwal da shebur a zamanin da jirgi ke tafiya da wuta da tururi. Ni ban riski zamanin ba. Da na yi wayo, a kan keken ɗinki na same shi a shagonsa na unguwar Kwararafa a Jos, domin tun da jiragen dizal suka zo ya ajiye shebur ya koma sana'ar gidansu. Abin da ya rage masa na reluwe shi ne tabon ƙuna a bayan hannun dama, da kuma labari.

Labarin nan ya ishe mu. Ko zancen tsadar tumatir a Farin Gada aka ɗauko, sai Baba ya san yadda ya karkato shi zuwa hawan Kagoro, inda jirgi ke tasowa daga Kafanchan yana nishi har ya hau tudun Jos. Zai gaya maka yadda ake watsa kwal a kusurwoyin wuta, ba a jibga shi wuri ɗaya, da yadda direba ke gane ragon fayaman daga launin hayaƙi. 'Yan'uwana sun iya haƙuri, su gyaɗa kai. Ni ban iya ba. Ina da gajen haƙuri tun ina ƙarami, kuma a makaranta cewa nake yi ubana direban jirgi ne, don a ganina zuba kwal aikin lebura ne.

Na girma na zama malami a kwalejin koyon sana'a. Wata shekara aka tura mu kwas na mako uku a Ingila, ni da wani abokin aikina ɗan Bukuru. A lokacin Baba ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, sai inuwar mutum yake gani. Kowa a gida ya ba ni sautu, daga takalmi har turare. Baba ya bari sai da aka watse ya kira ni. Ya ce ya ji labari Turawa har yanzu suna hura wa tsofaffin jiragen kwal wuta ranar hutu, mutane su shiga don nishaɗi kawai.

"Can aka ƙera namu," in ji shi. "Ka hau, ka zauna a tarago na farko, bayan inji. Ka ɗauko mini muryarsa a wayarka. Ba na son riga."

Na ce masa an gama. Har dariya na yi, don a duk sautun da aka ba ni nasa ne mai sauƙi.

Mako biyu suka wuce ina cewa gobe. Sai ya rage mana Asabar ɗaya, kuma a ranar ce abokina ya samo mana damar zagaya filin wasan ƙungiyar ƙwallon da muke goyon baya. Wanda ya san samarin Jos da gidan kallon ƙwallo ya san abin da wannan yake nufi. Na shekara ashirin ina faɗa da mutane a kan ƙungiyar nan. Na duba jadawali, na ga jirgin yini guda yake ci, zuwa da dawowa, zagayen fili kuwa ƙarfe biyu ne. Na ce wa kaina bari dai in je tashar da safe in gani.

Tashar ƙarama ce, a wani ƙauye, amma cike take da mutane. Yawancinsu tsofaffi ne masu furfura, da filas na shayi a hammata. Wasu na riƙe da kyamarori masu dogon baki kamar taɓarya, wasu da ɗan littafi suna rubuta lambar da ke jikin injin, su nuna wa juna. Na tambayi wani me za su yi da lambar, ya ce ba komai, ajiyewa suke yi. Ya nuna mini mai zuba kwal, wani dattijo da fuska duk baƙi, ya ce likita ne da ya yi ritaya, kuma ba biyansa ake yi ba, layi ma suke bi kafin a ba mutum shebur ɗin.

Raina ya ɓaci. Aikin da ya ƙona wa ubana hannu, ya bar shi da ciwon baya har tsufansa, shi ne waɗannan suka mayar wasan ƙarshen mako. Na tsaya ina ta huci ni kaɗai, ina cewa ba za a gan ni cikin wannan shirme ba. Yanzu na san fushin nan na gaskiya ne, amma kuma na yi murna da zuwansa, don ya ba ni hujjar da nake nema.

Ban shiga ba. Na bi wasu daga cikin masu kyamara muka taka zuwa wata gada da ke gaban tashar, inda suka ce nan jirgin ke samun gudu. Muka jeru a jikin ƙarfe. Da farko hayaƙi muka hango a bayan itatuwa, sai ƙasa ta fara rawa a tafin ƙafata. Jirgin ya fito baƙi ƙirin, yana fesar da tururi ta gefe da gefe, sandunan ƙafafunsa na kai da komo. Daf da gadar direba ya ja usur. Hayaƙi ya lulluɓe mu, ɓurɓushin kwal ya shiga mini ido. Tsohon da ke kusa da ni bai ɗaga kyamararsa ba ma, idonsa a rufe yake har jirgin ya wuce. Tsigar jikina ta tashi, kuma a karon farko na gane abin da Baba yake ta ƙoƙarin gaya mana. Duk da haka na duba agogo, na kashe waya, na ruga na kama bas. Abin da na ɗauka bai kai minti ɗaya ba.

Filin wasan kuwa, kujeru ne babu kowa a kai, da ciyawar da aka ce kada mu taka. Mun yi hoto.

Ranar da na dawo Jos, bayan an gama rabon tsaraba, na shiga ɗakin Baba. Bai tambaye ni hanya ba, bai tambaye ni sanyi ba.

"Ka hau?"

"Na hau, Baba."

Haka ta fito, sumul, ko tuntuɓe ban yi ba. Na kunna masa na kara wayar a kunnensa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake. Sau huɗu muka sake. Da ya sauke hannu sai ya ce injin na da lafiya, kuma fayaman ɗin ya san aikinsa. Washegari ya sa ƙanwata ta tura masa a 'yar ƙaramar wayarsa, ta koya masa inda zai danna.

Daga nan gidanmu ya koma tasha. Bayan sallar asuba za ka ji usur daga ɗakinsa, da la'asar ma haka. Idan na zo gaisuwa sai ya tsare ni da tambaya. Wasu ina da amsarsu: mutum nawa ne a kan injin, wane irin wari kwal ɗinsu yake yi. Wasu kuma sai na ƙirƙira. Ya tambayi yadda taragon ke girgiza, na ce kamar a kan jaki. Ya tambaya ko akwai hawa, na ƙago masa tudu, har da ramin da jirgi ke ratsawa ta cikin dutse. Duk abin da na faɗa sai ya ce, "To." Na fara rage zuwa gidan. Matata ta lura, na ce mata aiki ne ya yi yawa. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, kuma duk usur ɗin da ya tashi a ɗakin nan sai in ji kamar sunana ake kira.

Baba yana da aboki ɗaya da ya rage daga zamanin reluwe, direban da ya yi wa fayaman shekara da shekaru. Bayarabe ne, Kirista, tun yana saurayi ya zo Jos bai koma ba. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, Oga yake ce masa, mu ma Oga muke cewa. Tun da aka yi rigingimun da suka raba unguwanni, Oga ya koma wajen 'yarsa a gefen Tina Junction. Shi ba ya shigowa Kwararafa, Baba ba ya zuwa can. Sai suka mayar da tsohuwar tashar jirgi ta Taminus mahaɗarsu, su zauna a benci su kalli dogon da ciyawa ta cinye. Wata Asabar Baba ya ce in kai shi a motata, yana so Oga ya ji abin da ɗansa ya kawo. Na kawo uzuri biyu, bai karɓi ko ɗaya ba.

Mun tarar da Oga ya riga mu, da sandarsa da hular sanyi. Suka gaisa, suka zagi ciwon gwiwa, sannan Baba ya ciro waya yana murmushi. Oga ya sunkuyar da kai yana saurare, leɓensa na motsi tare da bugun injin. Da usur ya tashi sai ya ɗago. Ya ce a sake. Aka sake. Ya juyo ya dube ni, sannan ya dubi Baba, ya yi magana da Hausarsa irin ta wanda ya koya a bakin aiki.

"Wannan ɗanka bai shiga jirgi ba. Usur ya faɗi."

Ban gane ba, sai ya yi mini bayani kamar yadda ake yi wa sabon ɗan aiki. Ya ce wanda ke cikin jirgi murya ɗaya yake jin usur, daga farko har ƙarshe, don tare suke tafiya. Mutumin da ke tsaye a ƙasa shi ne yake jin sa da tsini yana zuwa, in ya wuce shi kuma muryar ta sauka ta yi kauri. Ya ce ko mai share tasha ya san wannan. Na tuna sautin da na ji ya fi sau ɗari a gidanmu. Haka yake, a tsakiya yake karyewa ya sauka. Ni da nake koyar da ɗalibai a kwaleji ban taɓa lura ba.

Kafin in sami abin cewa Baba ya riga ni.

"Ni na ce masa ya sauka a tasha ta gaba, Oga. Na ce ya ɗauko mini daga ƙasa, in ji yadda yake wucewa."

Oga ya daɗe yana kallonsa. Ya ce to, tunda shi ya faɗa. Suka koma zancen wani mai ba jirgi hannu da ya rasu a Kuru, ni kuma na tashi na ce zan duba mota. Na tsaya a jikinta ina kallon masu gwanjo har suka gama hirarsu.

A hanyar komawa cunkoso ya riƙe mu a bakin kasuwa, 'yan keke sun toshe ko'ina. A al'adata da tuni na leƙa taga ina masifa. Ranar ko hon ban danna ba. Baba na gefena, ya ɗora hannunsa mai tabo a kan gwiwa.

"Baba, ban hau ba."

"Na sani. Tun daren da ka dawo na ji."

Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba, me ya sa ya bar ni ina ta ƙaga masa tudu da dutse. Ya ce jira yake in gaji. Ya ce ya yi zaton ko jirgin ne ya tashi ya bar ni, ko rashin lafiya ce ta kama ni ina jin nauyin faɗa. Ya kai ni wajen Oga ne don yana ganin tsufa ya taɓa kunnen Oga, ba zai ji ba, shi kuma ya samu abin nuna masa.

"To ina ka je?" ya tambaya.

Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce filin ƙwallo na je.

"An buga wasa?"

"A'a. Zagayawa kawai muka yi."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai auna yadi a zuci. Motar gabanmu ta motsa, na bi ta. Sai da muka kusa shiga layinmu ya sake magana, ba tare da ya juyo ba.

"Duk zamana da Oga a kan inji, ko ruwa ya yi ƙasa a tukunya, ko ni na yi sakaci wuta ta mutu, ban taɓa yi masa ƙarya ba. Sai yau."

Na faka a ƙofar gida, na zagayo na buɗe masa, na riƙe hannunsa har ɗaki. Ban sake samun tafiya ƙasar ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba. Daren ranar na kwana da niyyar sammako, washegari na zo gaishe shi bayan asuba. Na tsaya a tsakar gida ina jiran usur, ɗakin shiru, sai tarinsa. Da na shiga na ga wayar a kan keken ɗinki, ya ce in miƙa wa ƙanwata ta sa masa karatu a ciki.