Tokuji Mai Ƙullin da Ba Ya Kwancewa

Ranar Talata, tara ga Nuwamba, da hantsi, matarka Harue ta bugo mini waya ta ce ka cika. Yaya Tokuji, ba zan ɓoye maka ba, abin da na fara tambayarta shi ne, a ina? Ta ce a ɗaki, a kan shimfiɗarka, bayan ka sha rabin kwanon miya. Sai na zauna a bakin ƙofa na sauke ajiyar zuciyar da na yi shekara uku ina riƙe da ita.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da haɗuwarmu a rafin bayan ƙauyenku. Na zo daga Nagoya da sabuwar sandar kamun kifi da girman kai, wani ƙaton kifin iwana ya kama ƙudan ƙarya na gashin zakara da na jefa, ya tafi da shi har da ƙugiyar. Ina ta zagin mai kantin da ya sayar mini da zare, sai ka fito daga bayan dutse, ka kama bakin zaren ka duba. Ka nuna mini yadda ya nannaɗe kamar wutsiyar alade.

"Ɗan birni, bar zagin bawan Allah. Zaren da ya tsinke a miƙe yake. Wannan ƙullinka ne ya zame."

A nan ka zaunar da ni kamar ɗan makaranta, alhali ina da 'ya'ya biyu. Ka ce in zagaya zaren sau biyar, kada in yi rowa, kada in yi almubazzaranci. In jiƙa ƙullin da yawu kafin in ja, don busasshen zare ƙona kansa yake yi. In ja a hankali har ya zauna, in bar ɗan baki in zan yanke, sannan in fizge shi da ƙarfi, gara ya kunyata ni a hannuna da ya kunyata ni a bakin kifi. Na tambaye ka ƙulli nawa ka iya, ka ce biyu, amma ka iya su ido rufe, da yatsun da sanyi ya ƙandare.

Mutane da yawa ba su san abin da kake yi kowane ƙarshen hunturu ba. Tsofaffin ƙauyen da idonsu ya daina ganin kafar ƙugiya, kai kake ɗaura musu ƙudaje a zare, ka jera a kwali, ka ajiye a ƙofar gidajensu ka wuce. Marigayi Sunohara ya yi fatsa har shekara casa'in saboda kai, yana kuma cika baki cewa idonsa garau. Ba ka taɓa tona shi ba.

Sai mantuwa ta zo maka. Ka manta sunana, ka manta hanyar gidan wanka, amma ba ka manta hanyar rafi ba. Da Harue ta juya baya sai ka sa takalmi ka fice. Sau huɗu muna bazama nemanka. Na ƙarshen lokacin narkewar ƙanƙara ne, ruwa ya cika yana ruri. Ni na hango ka tsaye a ciki har ƙugu, hannu wofi, kana jifa da sandar da babu ita. Da na rungumo ka, ka ce in yi a hankali, ina korar maka kifi.

Daga ranar Harue ta sa wa ƙofa kwaɗo. Ta gaya mini kakan tsaya ka riƙe ƙyauren kana roƙonta da ladabi, kamar baƙuwa, ka ce, "Baiwar Allah, taimaka ki buɗe, matata na jiran kifi." Takan shige madafa ta yi kuka. Duk lokacin da aka yi ruwan sama, mu abokanka kowa na tsoron ranar da za a ce a zo a duba bakin dam ɗin da rafin ke zubawa.

Ranar ba ta zo ba. Ka tafi a bushe, cikin ɗumi, hannunka cikin nata. Da na isa gidan na tarar ƙofa a buɗe wangwam duk da sanyi. Harue ta ce in bar ta haka, ta gaji da hana ka.

Na kunna maka turare, malamin haikali ya yi karatu, za mu sake taruwa ranar cika kwana arba'in da tara, kamar yadda aka saba a nan. Mai rahama ya karɓe ka, ya yafe kurakuranka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka Mitsuko da jikokinka da dukan mutanen ƙauye. Ke kuma Yaya Harue, kin yi iyakar abin da mutum zai iya. Ki yi barci, babu sauran wanda zai fita.